Yaro mai gautsin ƙashi: yadda ake gashi da motsa jiki ba tare da an jawo karaya ba

Ranar da likita ya gaya wa uwa cewa ƙashin ɗanta yana da gautsi, abu na farko da takan yi shi ne ta janye hannunta daga jikinsa. Sai ta shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki, ta kewaye shi da matasai, ta kori yayyensa waje. Ba mai ganin laifinta. Duk wadda ta taɓa jin ƙashin cinyar jaririnta ya ce ƙas a hannunta tana cikin canza masa kunzugu, ba za ta manta da wannan ƙarar ba har abada. Sai dai a nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. Ƙashi abu ne mai rai, kuma yana yin ƙwari ne idan tsoka tana jan sa, nauyin jiki yana hawa kansa. Yaron da aka ajiye wuri guda, tsokarsa za ta saki, ƙashin ya ƙara lalacewa, karaya ta gaba ta zo cikin sauƙi fiye da ta baya, a sake kwantar da shi, a koma gidan jiya. Aikin gashi, wato gashin ƙashi na asibiti, gaba ɗaya ƙoƙari ne na fitar da yaro daga wannan zagayen.

Ƙa'ida ɗaya ce ta riƙe duk abin da zan faɗa a ƙasa, don haka ku riƙe ta da kyau: motsin da yaro ya yi da kansa shi ake nema, motsin da babba ya yi masa da ƙarfi shi ake gudu. Ba a ja, ba a murɗa, ba a miƙar masa da gaɓa.

Mataki na farko: ku san irin wanda ɗanku yake da shi

Likitoci suna kiran ciwon ostiyojenesis imfafekta, a taƙaice OI. Ana samun sa a kusan haihuwa ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000. Matsalar tana cikin wani sinadari mai suna kolajin, wanda matsayinsa a ƙashi kamar na rodi ne a cikin kankare. Idan rodin ya yi kaɗan ko ya zama marar kyau, ko buhu nawa na siminti aka ƙara, ginin zai tsage. Shi ya sa ɗura wa yaro maganin kalsiyam kaɗai ba ya warkar da wannan ciwo. Nan ne kuma bambancinsa da lanƙwasar ƙafa ta ƙarancin kalsiyam, wadda ta yawaita a wasu yankunan arewacin Najeriya kuma take gyaruwa da abinci da magani. A ido suna iya kama da juna, sai hoton ƙashi da gwajin jini ke raba su.

A 1979 wani likita ɗan Ostareliya, David Sillence, ya kasa ciwon gida huɗu, kuma har yau da wannan rabon ake fara magana ko da yake an ƙara wasu daga baya. Na ɗaya shi ne mai sauƙi: yaro yana tafiya da ƙafarsa, farin idonsa yakan yi shuɗi-shuɗi, karaya takan fara ne idan ya soma tafiya da faɗuwa. Na biyu shi ne mafi tsanani, jariran da yawa ba sa daɗewa. Na uku ana haihuwar yaro da karaya, ƙasusuwa suna lanƙwashewa, tsawo ba ya zuwa. Na huɗu yana tsakanin na ɗaya da na uku. Abin da ya dace da mai nau'i na ɗaya zai iya karya mai na uku, saboda haka kada ku kwafi atisayen da kuka ga ana yi wa wani yaro a waya.

Yawancin masu ciwon sun same shi ne ta canji a ɗaya daga ƙwayoyin halitta biyu, COL1A1 da COL1A2, wani lokaci gado daga uwa ko uba, wani lokaci kuma a kan yaron ya fara. Akwai kuma nau'in da sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye, kamar yadda sikila take. Wannan ya shafe mu kai tsaye: wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna kusan kashi 1.5 cikin ɗari na 'yan Najeriya da Gana da aka gwada suna ɗauke da wani canji irin wannan ba tare da alama ba. Inda ake auren zumunci, haɗuwar masu ɗauke da irin wannan ta fi sauƙi. Na kawo wannan ne don dangin miji su daina ɗora wa uwa laifin sakaci, su kuma daina cewa iska ce ko sammu.

Mutum biyu ne ba makawa sai da su: likitan ƙashi da likitan gashi, wanda a Nijar ake ce wa kine. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Jos, Sakkwato da Maiduguri, duk suna da sashen gashi. Ku nemi a rubuta muku takarda mai ɗauke da sunan ciwon da nau'insa, ku yi mata leda, ta zama kullum tana cikin jakar uwa. Ku tambayi likita game da magungunan bisfosfonet, irin su famidironet da zoledironet, waɗanda ake bayarwa ta ƙarin ruwa bayan 'yan watanni. Tun bayan rahoton da likitocin Montiriyal a Kanada suka fitar a 1998 ake amfani da su ga yara masu matsakaici da mai tsanani. Suna ƙara kaurin ƙashi, suna rage ciwon jiki, kuma yaron da ciwo ya sake shi ya fi yarda ya motsa.

Mataki na biyu: gyaran hannun duk wanda zai taɓa shi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci a watannin farko, kuma shi ne ya fi cin karo da al'adarmu.

Ɗauka: hannu ɗaya a ƙarƙashin kai da kafaɗu, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu da ƙugu, yatsu a buɗe sosai domin nauyin ya bazu a kan tafin hannu. Ki sunkuya ki kawo ƙirjinki kusa da shi kafin ki ɗaga, kuma ki duba kada hannu ko ƙafa ya rage yana lilo ko yatsa ya maƙale a zani. Ba a ɗaga shi ta hammata, ba a matse haƙarƙari, ba a kama dantse. Ɗaukar da aka saba yi wa yara ta hammata ita ce take karya haƙarƙarin irin waɗannan jarirai.

Canza kunzugu ko famfas: kada a haɗa idon sawu biyu a ɗaga sama. Ki zura tafin hannunki ƙarƙashin ɗuwawunsa, cinyoyin su kwanta a kan damtsenki, ki ɗaga kaɗan. Ko ki mirgina shi gefe gaba ɗayansa, kafaɗa da ƙugu su juya tare kamar gungumen itace.

Sutura: riga mai faɗi, mai buɗewa ta gaba, ta auduga marar nauyi domin yaran nan suna yawan zufa kuma zafi yana wahalar da su. Ki shimfiɗa rigar, ki ɗora shi a kai. Ki tattare hannun rigar ki zura naki hannun ta ciki, ki jawo rigar bisa hannunsa. Rigar ce take tafiya, hannun yaro yana nan inda yake.

Sai wanka. Kowa ya san wankan jarirai na kakanni da ungozoma: a miƙar da hannuwa, a haɗa su ta baya, a lanƙwasa ƙafafu, a murza jiki, wata ma ta riƙe ƙafa ta juya kai ƙasa ko ta ɗan cilla shi sama wai don ya yi ƙwari ya daina tsoro. Ga wannan jaririn ko ɗaya daga ciki ba ya halatta. Na san da nauyi mace ta ce wa uwar mijinta "Hajiya, kada a yi masa haka". Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi da Hajiyar asibiti ta ji daga bakin likita, a nuna mata hoton ƙashin da idonta. Kakar da ta gane, takan zama ita ce mai tsaron jikan fiye da kowa.

Goyo ma sai an duba. Yadda ake kama dantse a wurga yaro baya, da yadda majanyi yake matse ƙirji ya kuma buɗe cinyoyi, duka haɗari ne ga mai nau'i na uku ko na huɗu. Irin wannan a ɗauke shi a kan matashi mai ɗan tauri ko faifan katako da aka lulluɓe da soso. Mai nau'i na ɗaya, a bar likitan gashi ya yanke hukunci, kuma wani ne zai ɗora shi a bayan, ba uwar ta wurga shi ba. Yarinya ƙarama ba ta goyonsa. A acaɓa ba a hawa da shi. A adaidaita ko mota, a kan matashi bisa cinya, a ce wa direba ya bi ramuka a hankali.

A asibiti kuma ku buɗe baki. Ku gaya wa duk ma'aikacin da ya matso cewa ƙashinsa yana da gautsi kafin ya ɗaura abin awon hawan jini ko ya ja ƙafa wajen awon tsawo. Wurin ɗaukar hoto ku nemi ku ne za ku gyara masa kwanciya.

Mataki na uku: kwanciya da juyi

Ƙoƙon kan waɗannan jarirai yana da taushi, idan aka bar su rigingine kullum ƙeya takan baje. Cinyoyi kuma sukan buɗe su kwanta gefe-gefe kamar na kwaɗo, idan aka daɗe a haka tsokar ƙugu ta ƙage. Maganin shi ne sauya kwanciya duk bayan awa biyu ko uku idan yana farke: rigingine, gefen dama, gefen hagu. Ki naɗe ƙaramin tawul ki tokare bayansa idan yana kwance a gefe, ki sa wani tsakanin gwiwoyi. Idan yana rigingine, tawul biyu a gefen cinyoyi su hana su bajewa. Barci dai a rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, kuma shi kaɗai, ba a tsakiyar yayye ba.

Rub-da-ciki shi ke gina wuya da baya. Ki kishingiɗa, ki ɗora shi a ƙirjinki fuskarsa tana kallon taki, minti ɗaya ko biyu da farko. Ki yi masa magana, zai yi ƙoƙarin ɗago kai ya gan ki, wannan ƙoƙarin shi ne atisayen. Daga baya a koma tabarma mai shimfiɗa, da naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin ƙirji. Ki riƙa kawo abin wasa marar nauyi, kamar ƙyalle mai launi ko kacau-kacau na roba, kusa da hannunsa ya miƙo da kansa. Minti biyar sau huɗu ko biyar a yini ya fi rabin awa a zama ɗaya.

Mataki na huɗu: ruwa

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak a cikin gashin waɗannan yara, ruwa zan zaɓa. A cikin ruwa jiki ba ya da nauyi, faɗuwa ba ta da zafi, amma duk motsin da aka yi sai an ture ruwan, wato tsoka tana aiki ta kowace fuska. Yara da dama a ruwa suke fara shure-shure, a ruwa suke fara zama, a ruwa suke fara tsayuwa.

Ba sai kuna da tafkin iyo ba. Babbar robar wanka ko bahon wanki ya isa ga jariri. A shimfiɗa tawul ko soso a ƙasan, a zuba ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu take jin daɗinsa, ba mai zafi irin na jego ba. Hannunki ɗaya yana tallafe da kai da kafaɗu, ki bar ƙafafu da hannuwa su yi abin da suke so, minti goma zuwa sha biyar. Idan ya girma, a sami babban baho ko rabin tanki mai santsin baki, ruwan ya kai masa ƙirji, ya zauna, ya durƙusa, ya miƙe yana riƙe da gefe. Da ƙarfi ya ƙaru sai a rage ruwan zuwa cibiya, ƙafafu su karɓi ƙarin nauyi. Wannan rage ruwan a hankali ita ce hanya mafi aminci ta koya wa ƙashi ɗaukar jiki.

Haɗarin yana wajen fitowa, lokacin da jiki yake da santsi. Ki sa masa 'yar shimi a cikin ruwan domin hannunki ya sami abin kamawa, ki ɗauko shi da tawul. Kada a bar shi shi kaɗai ko na ƙiftawar ido. Kududdufi da rafi kuwa a bar su, ga santsin laka ga tsargiya.

Mataki na biyar: zama da jan jiki

Mun saba idan yaro ya kai wata huɗu ko biyar a dasa shi a cikin kwali ko roba, a tokare da tsummoki wai ana koya masa zama. Ga mai gautsin ƙashi, zaman da baya bai shirya masa ba yana danne ƙasusuwan gadon baya, yana taimaka wa lanƙwasa. A fara da kishingiɗe a jikin uwa ko kujera mai jingina, a riƙa ɗago jinginar kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda yake riƙe kansa. Zai makara a kan sa'o'insa, wannan ba abin damuwa ba ne.

Kada ku nace sai ya yi rarrafe irin na kowa. Wani da mirgina zai fara yawo, wani da jan ciki, da yawa kuma da jan gindi. Duk hanyar da ya samo ta kai kansa inda yake so, ita ce daidai, kuma tana gina hannuwan da zai dogara da su nan gaba. Aikinku shi ne gyaran fili: a ɗauke turmi, murhu da bokiti daga hanyarsa, a goge ruwa a kan tayil nan take, a gyara bakin tabarma da ya naɗe, a sauko da katifarsa ƙasa.

Mataki na shida: tsayuwa da tafiya

Nan ba a yin gaban kai. Sai likitan ƙashi ya duba hoton cinya da ƙwauri ya ce za su iya ɗaukar nauyi. Ƙashin da ya lanƙwashe kamar baka, a tsakiyar lanƙwasar yake karyewa idan aka tsaya a kansa. Irin wannan akan yi masa aiki, a yanka ƙashin a miƙar, a zura ƙarfe a cikin ɓargonsa. An fara bayyana wannan aikin a 1959, yanzu kuma akwai ƙarfen da yake tsawo tare da yaro, irin wanda ake kira Fassier-Duval. Bayan aikin gashi ne yake mayar da shi tsayuwa.

Tatata ta hanyar riƙe hannuwa sama ana jan yaro ba ta dace da shi ba. A riƙe shi a ƙugu da tafin hannu biyu, shi kuma ya dafa benci ko gefen gado. A fara da tsayuwar daƙiƙa goma zuwa ashirin, sai takawa gefe-gefe yana bin bencin, sai keken turawa mai nauyin da ba zai gudu ya bar shi ba. Keken nan na kanti da ake zaunar da yaro a ciki ƙafafu suna reto, a bar shi a kantin. Takalmi ya zama mai kama ƙafa marar santsi, domin gaɓoɓinsu suna da saki kuma tafin ƙafa yakan baje; silifas ba nasu ba ne.

Wani yaron zai yi tafiya a ɗaki kawai, wani ba zai yi ba sam. Iyaye da yawa suna ƙin keken guragu suna ganin kamar sallamawa ce. Ni a ganina yaron da ya tura kekensa ya je makaranta ya fi wanda aka bari a ɗaki ana jiran ranar da zai taka. Keken ya zama daidai jikinsa, ba na manya da zai nutse a ciki ba, a koya masa sauka da hawa da kansa. A ban-ɗaki ma a yi masa kujera mai rami da abin dafawa, tsugunno a kan masai mai santsi ya karya yara da yawa.

Idan karaya ta zo

Za ta zo, ko da kun yi komai daidai. Alamarta kuka na farat ɗaya, ƙin motsa gaɓar, kumburi ko ɗumi a wurin. Kada a gwada miƙarwa. A tallafe gaɓar yadda aka same ta, da kwali mai kauri da aka naɗe da tawul, ya wuce gaɓar sama da ta ƙasan karayar, a naɗa bandeji sako-sako. A ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, a duba yatsu ba su yi sanyi ko sun canza launi ba, a nufi asibiti. Yana da kyau kwali, bandeji da almakashi su zauna a jaka guda a shirye.

Masu ɗori suna da daraja a garuruwanmu, amma sana'arsu ta ginu ne a kan ja, murzawa da ɗaure kara tamau, abubuwa ukun da wannan ƙashin ba ya jurewa. Garin gyara karaya ɗaya sai a tashi da biyu.

Ƙashin mai OI yana haɗewa cikin kusan lokacin da na kowa yake haɗewa, don haka likitocin da suka san ciwon sukan sa filasta marar nauyi kuma su cire da wuri. Ku tambaya kai tsaye: yaushe za a cire, yaushe zai fara taka ƙafar? Yana cikin filastar ma ba a daina atisaye. Ya motsa yatsu, ya yi wasa da sauran gaɓoɓin, a riƙa sauya masa kwanciya. Makonnin farko bayan cirewa su ne mafi haɗari domin ƙashin ya yi laushi. A koma ruwa tukuna, sannan tsayuwa, sannan tafiya.

Shekarun makaranta

Wani gwaji da aka yi a Holan aka wallafa a 2008 ya sa yara masu nau'i mai sauƙi da matsakaici atisaye na mako 12 ƙarƙashin kulawa. Ƙarfin tsoka da juriyarsu sun ƙaru, amma bayan an daina sai ribar ta fara zubewa. Wato abin ba na wata uku ba ne, sai an saka shi cikin rayuwar yau da kullum: tafiya a fili mai laushi, iyo, tashi da zama daga kujera sau goma, jan roba mai laushi da aka ɗaura kusa da gaɓa ba can ƙarshen ƙafa ba. Hura balan-balan ko usur yana buɗe ƙirji, abin da masu lanƙwasar baya suke matuƙar buƙata. A ci nono, kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ƙayarsu, a sha hantsi, a kuma kula da ƙiba domin kowane kilo ƙari ne a kan ƙashin.

Langa, kokawa, ƙwallon gasa, 'yar gala-gala da alkafura ba nasa ba ne. Dara, carafke da jifar ƙwallo mai laushi a zaune duk zai yi da abokansa. Uba ya je da kansa ya ga malamin boko da na Islamiyya, ya ce: "Malam, yaron nan ba a dukansa, ba a sa shi kamun kunne ko tsallen kwaɗo, kuma a bar shi ya fita minti biyar kafin a tashi saboda turereniya." Yawan karaya yakan ragu bayan balaga, amma a ci gaba da duba haƙora, da ji, da gadon baya a kai a kai.

Akwai alamomin da ba a jira da su ranar asibiti: ciwon ƙeya da yake tsananta idan ya yi tari ko atishawa, wahalar haɗiya, sabon rauni ko mutuwar jiki a hannu ko ƙafa, ciwon baya na farat ɗaya, ko numfashi da ƙyar. Ciwon ƙeyar nan da wahalar haɗiya suna iya nuna cewa ƙashin wuya yana turawa cikin gindin ƙoƙon kai. Idan aka ga ɗaya daga ciki, a dakatar da duk wani atisaye, a kai shi wurin likita a ranar.